Shekarar da Warsinah Ta Hana Mu Susa

Ni da Warsinah tare muka yi kiwon agwagi muna yara, don haka babu wanda zai zo ya yi mini burga da tsaftarta. Na san ƙafarta tun tana faso. Na san lokacin da uwarta ke matse ta tsakanin gwiwoyi a bakin ƙofa tana kashe mata ƙwarƙwata. Ubanta ko taki ɗaya na gona ba shi da shi, agwagin ma na wani ne, mu dai namu bin su fadama-fadama in an yanke shinkafa, taɓo har gwiwa, mu dawo gida muna ƙarni. Ba wani abin kunya a ciki, haka kowa ya tashi a Kalisoga. Ita kaɗai ta ɗauke shi abin kunya, kuma tun lokacin take neman wanda za ta huce a kansa.

Ta auri Marjuki yana ɗan aike a ofishin dagaci. Mutum ne mai sanyi kamar shinkafar jiya, in ka ce masa rana ce ya ce haka ne, in ka ce dare ne ya ce ai kuwa. Irinsa ake nema a ba muƙamin mai unguwa, aka kuwa ba shi. Ranar da aka naɗa shi ya zama Pak Marjuki, wato maigida, Warsinah ta zama Bu Warsinah, wato uwargida, ta sayi takalmi mai tsini da jakar hannu, ta daina cin abinci da hannu a gaban mutane. Kujerun falonta har yau suna cikin ledar da aka kawo su, in ka zauna sai cinyarka ta manne. Baƙo na tashi take wanke gilashin da ya sha shayi, wani lokacin tun bai gama sa takalmi ba, yana jin ƙarar ruwan. Rumfata na kallon ƙofarta, ina sayar da kunun shinkafa da safe, soyayyar ayaba da tempe, wato wainar waken soya, da yamma, saboda haka abin da ban gani ba a gidan nan kaɗan ne. Kuma ni har gobe Warsinah nake ce mata, ba Bu ba komai.

Abin da ya shiga ranta ya zauna shi ne kofi. Kowace shekara, gab da bikin samun 'yancin kai na sha bakwai ga watan Agusta, hukumar gunduma na shirya gasar unguwar da ta fi tsafta da lafiya. Kofin yawo yake yi, bana nan baɗi can, amma unguwar da ta ci sau uku a jere ta riƙe shi ke nan har abada. Mun ci biyu. Na ce "mun" ne don ladabi, ita ta ci, mu muka sha wahala: shafa farar ƙasa a duwatsun bakin hanya, yi wa tsofaffin tayoyi fenti, shuka citta da barkono a gwangwanaye a jera su a ƙofar gida. Har kwata sai da aka yi wa fenti. Ta sa kafinta ya ƙera wa kofin akwatin gilashi tun bai zama nata ba. Waɗanda take shakka su ne mutanen Wonolapis, unguwar da ke tsallaken rafi, waɗanda hanyarsu ta zuwa gari ma ta cikin tamu take bi. A bakin Warsinah, duk ƙudan da ya sauka a Kalisoga daga can ya taso.

Sai ga shi 'yarta ɗaya tilo, Endah, ta kwaso ɗan Wonolapis ta ce shi za ta aura. Aka yi rigimar da za a yi, aka ɗaura, suka haifi namiji aka sa masa Danu. Yana shekara biyu iyayen suka fita neman abinci, Endah tana jinyar wani tsoho a Taiwan, mijin yana jirgin kamun kifi, sai ya yi watanni a teku ba a ji muryarsa ba. Aka yi ta ja-in-ja kan inda za a bar yaron. Warsinah ta ce jikanta ba zai tashi cikin kashin kaji ba, ta kuwa yi nasara. In faɗi gaskiya, tana son yaron. Sai dai irin son da take yi wa kujerunta ne, a goge shi, a lulluɓe shi, a nuna wa baƙi. Tunda kuma kullum tana taro, yau ofishin dagaci gobe gunduma, wuni Danu yake yi a wurin Tukinem, wata mai wankau da ke bayan gidansu da 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya. Can yake ci, can yake barcin rana, a tsakiyar 'ya'yan Tukinem kan katifar rimi guda.

A shekarar kofi na uku ne babban ɗan Tukinem ya zo hutun ƙaramar salla daga makarantar kwana ta malamai, hannunsa duk ƙuraje. Babu wanda ya damu, ai a can cewa suke yi ɗalibin da bai yi ƙazuwa ba karatu bai fara shigarsa ba. Ya kwana da ƙannensa, hutu ya ƙare ya koma. Bayan wata guda da ɗan abin da ya ɗora, gidan Tukinem kowa na susa. Daga nan ta bi yara, masu kwana gidan juna da aron zanen salla, ta bi iyaye mata masu goyo, ta hau gadon maza. Ba ta da sauri, amma ba ta tsallake gida. Tsakanin yatsu take farawa da wuyan hannu, sai hammata, sai cibiya, sai ƙugu, sai wuraren da ba a faɗa. Da rana da ɗan sauƙi. Da zarar an kwanta jiki ya ɗau ɗumi, sai ka ji kamar ka tuɓe fatar ka rataye. Ni da cokali nake yi, mijina da ɓawon kwakwa, mu wayi gari zanen gado duk ɗigon jini.

Malamar asibitin da ke zuwa awon yara duk wata yarinya ce sabuwar zuwa. Ranar wani awo ta kama hannun wani yaro, ta buɗa yatsun, ta dubi Warsinah da ke tsaye a kanta.

"Bu, wannan kamar ƙazuwa. Da yawa masu irinta a nan?"

"Ƙurajen zafi ne, Malama," in ji Warsinah, tana murmushi har kunne. "Uwarsa ce ke ɗura masa ƙwai da busasshen kifi. Na yi magana har na gaji."

"To, in dai kun ga tana yawa ku faɗa mini. Ɗan ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin fata yana zuba ƙwai, wanka ba ya fitar da shi. Kuma ba a yi mata magani mutum ɗaiɗai. Sai in kai rahoto a kawo man shafawa, kowa ya shafa rana ɗaya, mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi, daga wuya har tafin ƙafa, a sake bayan mako. A tafasa kaya, a shanya katifu. In aka bar gida ɗaya dawowa za ta yi."

Duk wannan bayani, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Warsinah: rahoto. Rahoto gunduma yake zuwa, alƙalan gasa kuma a gunduma suke. Ba a yi kwana uku ba ta tara mu a falonta, mu a tabarma ita a kujera, ta gyara murya.

"'Yan uwa, akwai wata kalma da nake ji tana yawo, ba na son in ƙara jin ta. Wancan ciwon na marasa wanka ne, mu kuwa sau biyu hukuma na ba mu shaida. Abin da ke damun wasu daga cikinku ƙurajen zafi ne."

Na ce, "Warsinah, ni na haura hamsin, ban taɓa ganin ƙurajen zafin da ke bin mace har ƙarƙashin zane ba."

Mata suka ƙunshe dariya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Sarmi, ke dai ki rage maiƙo. Mai wuni a kan kasko dole jikinta ya yi tsami."

"To mai gidan naki fa, wane kasko yake wuni a kai? Jiya na gan shi yana goga baya a jikin falwaya kamar bunsuru."

"Pak Marjuki jininsa ne ya yi zafi saboda aiki."

Daga nan ta zayyano dokoki. Har alƙalai su zo su tafi, ba shanya katifa a kan shinge, ba shanya komai a gaban gida, tunda ba a san ranar zuwansu ba. Kowa ya sa riga mai dogon hannu. Wadda ƙaiƙayi ya ci ƙarfinta a gaban baƙo, ta shiga ban-ɗaki ta yi ta fito. Wadda kuma ta kai magana asibiti, to ta tuna mijin wa ke raba shinkafar tallafi. Mu mutanen nan mun gwammace mu mutu da mu ce wa babba a'a a kan idonsa. "To, Bu" kawai ke tashi ta ko'ina, hannaye kuwa na ƙarƙashin mayafi suna ta aiki. Har yau in na tuna wannan "to, Bu" ɗin raina ɓaci yake yi. Da na koma gida na ce ni zan je in faɗa, mijina ya tuna mini a filin wa rumfata take, ya ce in na je in wuce gidanmu daga can. Ita kuwa Warsinah, don kada a sake irin ta ranar nan, sai ta mayar da awon yara ranar da ta san malamar na wata unguwa.

Danu ma ya kama, ina zai tsira. Na ga ranar da Warsinah ta hau babur ta tafi gari da hular kwano a rufe ruf, ta wuce shagunan magani na kusa ta je wanda ba a san ta ba, ta sayo man shafawar ƙwaya ɗaya. Ba ta shafe yaron duka ba, ɗiga masa take yi a kan ƙurji kamar mai sa turare. Ya ɗan yi sauƙi, ya koma katifar Tukinem, abu ya dawo sabo. Tukinem ta ga man, ta yi ƙarfin hali ta roƙa.

"Bu, ko za a ɗan sam mini na ƙaramar? Ba ta barci wallahi."

"Naku ba irin nasa ba ne, Nem. Nasa na laushin fata ne. Ku sabulu za ku nema."

Yaro ɗan shekara huɗu ba ya jin a daina susa. Ƙurajen suka fashe, suka yi ruwa, suka yi ɓawo rawaya a ƙafafunsa da ɗuwawu, ƙuda na bi. Maganin Warsinah hoda ce da safa da dogon wando. Ranar Lahadi in Endah ta kira don ta ga ɗanta, a wanke masa fuska a taje kai, wayar kuma ba ta taɓa sauka ƙasa da wuyansa.

Farkon Agusta sai yaro ya fara cika. Kumatu suka fito, idanu suka ƙanƙance, musamman da safe, bakin safa na barin zobe a ƙafarsa. Ranar awo aka sa shi a zane aka rataya a sikeli, ya haura na watan jiya nesa ba kusa ba. Warsinah ta sa aka sake don kowa ya gani.

"Kun gani ko? Madarar da uwarsa ke aiko da kuɗinta ce. Yaro in ana kula da shi a jikinsa ake gani."

Da ma a gasar akwai maki na musamman ga unguwar da ta nuna yaron da ya fi ƙoshin lafiya. Shekarun baya aron jikan wani take yi, bana ga nata a gida.

Tukinem ce ta zo rumfata da yamma, ta tsaya tana murza gefen zane. Yu take ce mini, wato yaya.

"Yu Sarmi, yaron nan fa fitsarinsa kaɗan ne. Kuma ja, kamar shayin da ba madara."

"Kin faɗa mata?"

"Na faɗa. Ta ce ni ke ɗura masa shayi, in ban iya raino ba akwai masu nema."

Ni ban san mene ne ba, amma na yi jikoki, na san ƙiba ba ta sa yaro ya zauna shiru a gefe yana kallon ƙasa. Warsinah na fitowa na tare ta.

"Yaron nan ba ƙiba yake yi ba. Ki kai shi a duba."

"Bayan sha bakwai ga wata," ta ce, ko tsayawa ba ta yi ba. "Sarmi, hassada ba ta yi miki kyau. Laifina ne naki jikokin suke kamar tsinken tsire?"

Alƙalai suka zo wata Talata da hantsi, maza uku da mace ɗaya cikin kakin ofis. Ban taɓa ganin abin takaici da ban dariya irin na ranar ba. Unguwa guda ta jeru a bakin hanya cikin dogon hannu, rana na dukan ƙeya, zufa na bin ƙuraje, kowa ya maƙale hannu a baya yana murmushi yana mutsu-mutsu. Tsofaffi na goga ƙafa da ƙafa. Can sai layi ya kama a ƙofar ban-ɗakin masallaci, wannan ya fito wancan ya faɗa. Babban alƙalin ya tsaya ya kalli layin, ya kaɗa kai, ya ce abin da ya fi burge shi ke nan, a wasu unguwannin har yanzu rafi ake zuwa. Ya rubuta mana maki. Aka kai su falon Warsinah, aka ci kaza aka sha ruwan kwakwa, sannan aka fito da Danu cikin sabuwar riga mai maɓalli har wuya, an sha masa hoda. Macen cikin alƙalan ta ce kai masha Allah, ta danna masa kumatu da yatsa. Gurbin yatsan ya zauna bai taso ba.

"Ji wani laushi," ta ce tana dariya, "kamar kwaɓin fulawa."

Aka ɗauki hoto, Warsinah na tsakiya.

Ba a rufa mako ba, wata safiya ina cikin zuba kunu na ji ihun Tukinem. Yaron ya ce kansa na ciwo, ya yi amai, sai ya sandare ya kama jijjiga, idanu sun juye. Aka ari motar mai injin casar shinkafa, Marjuki da Warsinah suka tafi da shi babban asibitin gari. Abin da likita ya ce, wanda daga baya kowa ya haddace, shi ne ƙwayar cuta ta shiga ta gyambunan susa ta je ta taɓa ƙoda. Ƙodar ta kasa fitar da ruwa, shi ne ya taru a jiki. Abin da aka auna a sikeli aka yi ta tafi, ruwa ne. Jininsa kuma ya hau kamar na tsoho, shi ya kawo jijjigar.

Muka zauna jiran motar asibiti, don kowa ya san yanzu dai magana ta fito. Ta kuwa zo. Ta shigo ta ƙofar unguwarmu mai sabon fenti, ta wuce rumfata, ta wuce gidan mai unguwa, ta hau gada ta tsallaka Wonolapis. Muna tsaye a wannan gaɓar muna kallo, aka tara su, aka dudduba hannaye, aka sami masu ita, tunda yaranmu da nasu rafi ɗaya suke wanka, gidan juna suke kwana. Aka raba musu man shafawa kyauta gida-gida. Washegari duk shingen Wonolapis katifu ne, tukwane na tafasa a kowace ƙofa. Malamar asibitinsu daban ce da tamu, ba ta da dalilin yin wata tambaya.

Da yamma Marjuki ya zo ya zauna a bencina bai sayi komai ba. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce suna isa aka shige da yaron, aka sa masa robar iska a hanci. Wata ma'aikaciya ta tambayi inda yake zaune, ta ma faɗi dalili, cewa irin wannan sai an bi gida an yi wa kowa magani, in ba haka ba yana komawa zai sake ɗauka. Warsinah ta ce Wonolapis, gidan kakanninsa na wajen uba, su ziyara ya zo musu.

"Na buɗe baki, Yu. Wallahi na buɗe. Sai ta taka mini ƙafa."

"Da mai tsinin?"

"Da shi."

"To ai ka yi ƙoƙari, Pak. Ba kowane namiji ke iya buɗe baki ba."

Ranar sha bakwai aka faɗi sakamako. Wonolapis ta faɗo ƙasa saboda ɓarkewar cuta, Kalisoga ta ci na uku. Warsinah ta baro asibiti ta zo ta sa kayan biki, ta karɓi kofi, aka zagaya da shi a bayan a-kori-kura ana kiɗa, sannan ta koma. Mu muka bi motar da dogon hannu muna tafi.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne Mbah Poniyem, Mbah ɗin nan kaka ke nan a wurinmu, kakar Danu ta wajen uba, wata tsohuwa mai kiwon kaji da ko gaisuwarta Warsinah ba ta amsawa da kyau. Ma'aikatan asibiti sun je gidanta sun ce ta nuna musu katifar da Danu ke kwana. Ta ce wane Danu, yaron da rabonsa da kwana a gidan tun salla? A bakinsu ta fara jin jikanta na kwance rai a hannun Allah. Ita ba a faɗa mata ba, uwarsa ma ba a faɗa mata ba, an ce wa Endah wayar ce ta lalace. Tsohuwar ta sa aka kira mata Taiwan.

Endah ta ajiye aikin, ta yi asarar abin da za ta yi asara, ta sauka daga jirgi ta zarce asibiti. Ko leƙo gida ba ta yi ba. Ita ta faɗa wa likitoci inda yaron yake zaune na gaskiya, sai a lokacin motar ta tsaya a unguwarmu. Malamarmu ta bi gida-gida ranta a ɓace, muka shafa rana ɗaya tun daga jarirai har liman, muka sake bayan mako, katifu suka rufe fentin Warsinah kaf. Na manta yadda barci yake da daɗi sai a lokacin. Kofin kuwa ba a karɓe ba, don babu wanda ke son a ce a gunduma an yi kuskure.

Danu ya tashi. Ruwan ya fita, ya koma ɗan firit, likita ya ce a rage masa gishiri, a riƙa kawo shi duk wata ana duba fitsari da jini har a tabbata ƙodar ta warware. Ranar da za a sallame shi Warsinah ta dafa shinkafar godiya mai kurkum, ta tula ta a faranti kamar tsauni, ta gayyaci liman da maƙwabta, aka shimfiɗa tabarmi har waje. Motar haya ta tsaya a ƙofa. Endah ta fito ita kaɗai. Yaron na baya, a cinyar Mbah Poniyem. Warsinah ta tare ta da Nduk, wato 'yata, ita kuma ta amsa da Ibu, wato uwa.

"Nduk, shigo da shi mana, mutane na jira. Na saya masa sabuwar katifa."

"Ba sauka zai yi ba, Ibu. Takardar haihuwarsa na zo karɓa."

"Ina za ki kai shi?"

"Gidansu."

"Nan ne gidansu."

"An tambaye ki a asibiti, Ibu. Yana kwance bai san inda kansa yake ba aka tambaye ki. Kika ce ɗan Wonolapis ne, ziyara ya zo. To ziyarar ta ƙare."

Warsinah ta waiwaya ta dubi tabarmi, ta rage murya.

"Nduk, mutane na ji. Shigo ciki mu yi magana, kar a ce..."

"A ce me?"

Marjuki ne ya shiga ya ɗauko takardar. Endah ta karɓa, ta durƙusa ta kama hannun uwarta ta kai goshi kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama, ba ta rage komai ba cikin ladabin. Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Ta shiga mota, motar ta nufi gada. Liman ya yi gyaran murya ya ce tunda an riga an dafa, a yi addu'a a ci.

Endah ba ta koma Taiwan ba sai da shekara ta zagayo, da ta tashi tafiya kuma a hannun Mbah Poniyem ta bar shi. Duk wata kakansa na wajen uba na ɗauko shi a babur ya kai shi asibiti, kuma dole ta gabanmu za su bi. Warsinah ta san ranar. Tun da sassafe take yin wanka ta sa kaya ta tsaya a ƙofa da ledar tsaraba a hannu, wai iska take sha. Tsohon ba ya tsayawa, sai dai ya ɗan sunkuyar da kai. Da farko yaron na juyowa yana kiranta Mbah har su sha kwana, daga baya ya koma ɗaga hannu kawai. Na sha tambayar kaina ko ina jin tausayinta, kuma gaskiya ba na ji, takaici ne dai yake ci na in na gan ta tsaye. Watan jiya da suka zo wucewa ya ga ayaba a kaskona, ya taɓa kafaɗar kakansa suka tsaya. Ya gaishe ni da kyau, na naɗe masa biyu masu zafi. Warsinah ta tsallako titi da ledarta tana kiran sunansa. Yaron ya dube ta, ya gaishe ta da ladabi kamar yadda ake gaishe da kowace tsohuwa, ya koma bayan kakansa ya riƙe masa riga.